Tsakin Munkaila a Kan Babur ɗin Ƙanƙara

Tsakin Munkaila iri uku ne, kuma duk ɗan kasuwar da ya yi shekara biyu yana sauka a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou ya san bambancinsu. Akwai gajere, mai fita ta gefen baki kamar an taka busasshen ganye. Wannan noti ne bai ɗauru ba, a miƙo masa sifana. Akwai na tsakiya, mai ɗan ja, wanda girgiza kai take biyo bayansa. Wannan a mayar wa kamfani su canja. Sai kuma dogon, wanda yake tasowa daga can cikin haƙoran ƙasa, ya yi ta jan sa har iska ta ƙare masa. In ya yi wannan ba ya ƙara magana. Hannu yake gogewa a tsumma ya nemi ƙofa.

Bakanike ne, haifaffen Kano, a Ƙofar Ruwa ya koyi aiki. Yau shekararsa goma sha shida a Guangzhou. Wani Alhaji mai shigo da babura ne ya ɗauko shi ya duba masa kaya na sati biyu. Alhajin ya koma gida, shi bai koma ba, don kafin satin biyun su cika wasu mutum huɗu sun riƙe masa riga. Aikinsa guda ɗaya ne: kafin a rufe babur ko keke mai ƙafa uku a akwati a tura kwantena, a kira Munkaila. Ba ya zuwa da na'ura. Sifana uku, tef ɗin awo irin na tela, sai guntun alli rawaya a aljihun gaba. Zai hau babur ɗin ya saki nauyinsa a kai, ya miƙe, ya sake zama, kansa a karkace kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Shoka yake saurara. Yakan ce shoka mai lafiya numfashi take yi, marar lafiya kuwa in ba tari ba to atishawa. In ya gamsu sai ya ja layi uku a gefen akwatin, na tsakiya ya fi tsawo. Daga Kano har Maraɗi har Kumasi, mai saye in ya ga layukan nan ba ya cewa a tayar masa da inji ya ji.

Mutum ne mai ƙyanƙyami, amma ba na datti ba, don farcensa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Abin da yake tayar masa da zuciya shi ne aikin ganin ido: shokar banza da aka fesa wa jan fenti don ta yi kama da mai tsada, da ɗan kasuwar da zai tsaya a kansa yana danna waya yana cewa, "In dai ya yi kyau a hoto ai shi ke nan."

Asalin abin daga Zayyad ne, abokinsa na ƙuruciya, tun lokacin da ake acaɓa a Kano. Wata rana Zayyad ya turo babur ɗinsa rumfar Munkaila ya ce, "Ɗaure min shokar baya tam. Buhu biyu nake ɗauka, ga mai buhun."

Munkaila ya ce, "Shokar da ba ta lotsawa ai ƙarfe ce kawai. In ka faɗa rami bayan zai yi tsalle."

"Kai dai ɗaure. Babur ɗinka ne?"

Suka yi dariya, ya ɗaure ta har maƙura. Kwana uku tsakani, a wajen Kurna, tayar baya ta faɗa rami ta yi sama da Zayyad. Ƙugunsa bai ƙara komawa daidai ba. Har yau da sanda yake tafiya, kuma bai taɓa cewa laifin Munkaila ne ba, ko da wasa. Wannan shirun ne ya fi ci wa Munkaila rai. Tun daga ranar bai ƙara saita ƙarfe yadda bakin mai shi yake so ba, sai yadda hanyar da zai bi take so.

A baje kolin kaka na bara ne Maidaji ya kira shi. Maidaji ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, mai sayen babura da injinan ban ruwa, ƙato, mai muryar da ba ta buƙatar waya. Metir yake kiran Munkaila, yadda suke ce wa gwanin bakanike a can.

"Metir! Kana ina? Taho Pazhou wurin baje koli maza-maza, na ga abin da zai tashi Agadas tsaye!"

Munkaila ya same shi a wata rumfa can ƙarshen zauren ababen hawa, yana zagaya wani abu kore shar yana shafa shi. Kujera irin ta babur, kai irin na babur, amma a gaba takalma ne guda biyu dogaye kamar an baje kwalekwale, a baya kuma wani dogon bel na roba mai haƙora, kowane haƙori ya kai tsawon ɗan yatsa. A bango an kunna bidiyo: wani mutum yana hawan farin dutse da irinsa, kan abin ya miƙe sama kamar ingarman da ya ga wuta.

Munkaila ya leƙa ƙasa ya ɗago. "Alhaji, ina tayoyin?"

"Ka ji Bakano! Ana nuna maka gobe kana tambayar taya. Taya ai ita ce take nutsewa. Wannan shawagi yake yi."

"A kan me?"

"A kan rairayi mana. Masu zuwa haƙar zinariya gaba da Agadas, ka san moto nawa suke binnewa a tudu? Surukina Issa yana can, shi ke kai musu kaya. Guda goma zan tura mishi."

"Alhaji, farin can da kake gani ba rairayi ba ne. Dusar ƙanƙara ce."

Maidaji ya buɗe hannuwa kamar wanda aka kawo wa shaida har gida. "Bon! Wa ya sa mata suna dusa? Ba Bahaushe ba? Dusa gari ce, rairayi gari ne. Abin da ya hau gari ai ya hau gari."

Tsakin tsakiya ya fita. Mai kamfanin, wani siririn mutum mai suna Fan da ke rungume da gorar shayi, ya ji shi ya matso da sauri. Ya daɗe yana sayar wa mutanen Afirka babura, ya san wannan sautin ko da bai san Hausa ba.

"Shifu, mei wanti, mei wanti," yana ɗaga hannu, wato malam, ba matsala.

Maidaji ya ce, "Ka ji lawban, mai kamfani, da bakinshi. Abin da nake so, ka saita min amortisa, shoka dai, yadda za ta ɗauki mutum biyu da jarka huɗu, ka ja min layinka a akwati goma, wala, shi ke nan."

Da Munkaila ya bi ta tsakinsa, da a nan maganar ta ƙare. Amma gaskiya hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Shekara talatin da wani abu yana taɓa shoka, bai taɓa ganin wadda aka ɓoye a cikin bel ba. Ya ce zai je ya gani, gani kawai.

Washegari da hantsi motar Fan ta ɗauke su. Suka wuce Shiling da shagunan jakunkunanta, suka ƙara gaba har wani fili mai katanga. A ciki akwai doguwar rumfar ƙarfe da Fan ya mayar ɗakin gwaji, inji yana feso dusar ƙanƙara a ciki, sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Aka ara wa Munkaila wata rigar sanyi mai warin sigarin wani. Ya yamutsa fuska ya saka, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin babur ɗin.

Ya daɗe a can. Maidaji yana ta buga ƙafa yana hura hannu.

"Metir, ka mutu ne?"

"Yi min shiru, Alhaji."

A cikin bel ɗin hannuwa biyu ne na ƙarfe, na gaba da na baya, kowanne da shokarsa da sifirin ɗinsa. A jikin hannun gaba akwai wani madauri mai kauri, mai huda biyar kamar bel ɗin wando, an sa ƙusa a hudar ƙarshe, an sake shi iyakar tsawonsa. Munkaila ya ja madaurin ya saki, ya sake ja. Ya fito ya hau, ya yi bisimilla, ya matsa totur.

Kan babur ɗin ya tashi. Takalman gaba suka bar ƙasa, ya juya kai hagu, abin ya ci gaba da miƙewa gaba kamar ba da shi ake ba. Sai da ya saki totur takalman suka dawo ƙasa, saura taku uku ya rungumi bango.

Maidaji ya yi tafi. "Ka gani! Kamar a bidiyo!"

Munkaila ya yi gajeren tsaki ya miƙa hannu. "Sifana."

Abin da ya gane shi ne, babur ɗin nan a kan hannun gaba yake lilo, kamar sikelin mai awon hatsi. In madaurin ya yi tsawo, gaban bel ɗin yakan tokare ƙasa ya ɗauke nauyi daga kan takalma, sai kai ya yi sama. In ka rage shi, nauyi ya koma kan takalma, su kama ƙasa, abin ya ji juyi. Ya cire ƙusar ya matso da ita huda biyu. Ya sassauta sifirin ɗin hannun gaba zagaye uku. Ya ce Maidaji ya hau ya zauna, ya sa aka ɗora jarka biyu a baya, ya auna da tef ɗin tela yadda bayan ya lotsa.

"Alhaji, kai kaɗai ka cinye rabin shokar."

"Albarkar tuwon Maraɗi ke nan. Ku a Kano gurasa ta busar da ku."

Ya ƙara wa sifirin ɗin baya ƙarfi, ba har maƙura ba, daidai yadda zai ɗauki kaya ya bar wurin numfashi. Sannan ya koma gaba. An matse takalman kusa da juna, shi ya sa abin yake son kwantawa gefe. Ya kwance su, ya juya zobban da ke tsakani, ya buɗa su faɗin yatsa biyu kowane ɓangare. Ya hau ya gwada, ya sauka ya mayar da zagaye ɗaya, ya sake hawa. Sau huɗu.

A na biyar kan bai tashi ba. Ya matsa totur, abin ya tafi a shimfiɗe, ya karya hagu ya bi, ya karya dama ya bi, ya zagaya rumfar kamar ruwa a kwata. Waɗanda suka san Munkaila sun ce ba a fi sau uku ana ganin haƙoransa a shekara ba. Ranar an gani. Fan ya ajiye gorar shayinsa ya durƙusa yana ɗaukar hoton madaurin, yana ƙirga zaren sifirin da farce, yana cewa, "Shifu! Shifu!"

Maidaji kuwa fuskarsa ta yi kamar an zuba wa fura gishiri.

"Ka kashe shi, Metir. Ina tashin kan?"

"Kan da ya tashi sama da me za ka juya shi? Da addu'a?"

"Mutane abin da suka gani a bidiyo shi za su saya."

"Na bidiyon a tsaye yake tuƙi, shi kaɗai, a kan dutse, yana jefa jikinsa duk inda yake so abin ya bi. Don shi aka saki madaurin. Mutanenka a zaune za su hau, su biyu, da ruwa da mai a baya. In kan ya tashi da su a bakin tudu, a bayansu za su sauka."

Yana faɗar haka yana share fuska, sai ya tsaya ya dubi hannunsa. Ruwa ne. Tun ɗazu, duk kwanciyar da ya yi a ƙasa, ruwa mai ɗumi yake ɗigo masa a goshi, hankalinsa yana kan madauri bai kula ba. Ya sake kwantawa. A ƙarƙashin kujera akwai wani farantin alminiyon mai tsaga-tsaga, dusar ƙanƙarar da bel yake watsowa tana manne masa tana narkewa. Ya shafa sandunan roba da bel ɗin yake zamewa a kansu, su ma a jiƙe, suna santsi. Ya fito a hankali.

"Lawban. Lagireto?" Ya zana shi a iska da hannu. "Fanka?"

Fan ya ɗauki gorar shayinsa. "Mayo." Babu.

"Akwai yashi a gidan nan?"

Akwai. A bayan rumfar ana gini, an jibge yashin kogi tuli guda an baje rabinsa. Fan bai so ba, Maidaji ya ce a fito da shi, ai dama abin da aka saye shi don shi ke nan. Ma'aikata huɗu suka turo shi cikin rana. Munkaila ya cire rigar mai warin sigari ya yar a kan bulo, ya duba agogonsa, ya hau.

Da farko abin ya tafi, har Maidaji ya fara ihu. Amma sautin ya canja tun zagaye na biyu. Wancan numfashin da yake yi a rumfa ya tafi, sai wani gurzo kamar injin markaɗe da tsakuwa ta faɗa masa. A zagaye na shida wari ya taso, irin na tsohon silifas da aka jefa a wutar bola. Jar fitila ta kama a gaban kujera, injin ya fara shaƙewa. Munkaila ya kashe shi ya sauka. Robar da bel yake zamewa a kai ta narke tana naso, yashi ya manne mata. Farantin alminiyon kuwa, da Munkaila ya tofa masa yawu, sai yawun ya yi cuuu ya bushe.

Ya duba agogo. Minti tara.

Sai dogon tsakin ya fito. Ma'aikatan da ke kwaɓa siminti suka tsaya suna kallonsa har ya ƙare. Ya zaro tsumma ya goge hannu ya nufi ƙofa.

Maidaji ya bi shi yana haki. "Metir, tsaya mana. A sa mishi fanka."

"Sa masa goma. Abin nan daga ƙasa yake shan sanyi, daga ƙasa yake shan mai. Ƙanƙarar ce lagiretonsa, ita ce girishinsa. Dusar taka ruwa ce, Alhaji. Rairayi kuwa takardar goge ƙarfe ce."

"To ai saitin ka yi shi, ya yi kyau. Layi uku kawai."

Munkaila ya tsaya. "Can inda surukinka yake kai kaya, daga rijiya zuwa rijiya tafiyar awa nawa ce?"

Maidaji ya dubi takalminsa.

"Wannan minti tara ya yi."

"Ai za su gwada kafin su shiga daji."

"In suka ga layina ba za su gwada ba. Shi ya sa kake son layin."

A motar haya ya koma Sanyuanli shi kaɗai, warin robar nan a hancinsa har ya kasa cin abincin rana.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, da azahar, Hajiya Memuna ta kira shi. 'Yar unguwar Nima ce ta Ankara a Gana, mai sito a Baiyun, ita ke tara kayan mutane ta cika kwantena zuwa Tema da Kwatano. Duk ranar da Munkaila ya je duba kaya a sitonta sai ta zuba masa shinkafa da wake irin nasu na Gana, mai baƙin yaji, yana ci yana kushe yajin.

"Massa, mun yi faɗa ne?"

"Faɗan me, Hajiya?"

"Ka shigo sitona ka ja layi a akwati goma ka fita, ko kwanona ba ka taɓa ba."



Ta ce, "Na san ba kai ba ne. Zo ka gani."

Akwatuna goma ne dogaye a jere a bayan buhunan takalma. A gefen kowanne layi uku rawaya, na tsakiya ya fi tsawo. An ma yi su da kyau, a miƙe, kamar da rula. Munkaila ya tsaya yana kallonsu, ya ji kamar ya ga wani sanye da wandonsa na ciki.

"Zan buɗe ɗaya."

"Ni ina duba tukunya, ban ga komai ba," in ji Memuna, tana miƙa masa ƙarfen ɓalle ƙusa.

Ya ɓalle murfin ya leƙa cikin bel. An mayar da ƙusar madaurin hudar ƙarshe. Memuna ta kunna masa wani bidiyo da yake yawo a wayoyin 'yan kasuwa tun jiya: babur ɗin a kan yashin gidan Fan, kai a sama, daƙiƙa goma sha biyu, an yanke kafin hayaƙi. A bayansa muryar Maidaji tana cewa, "Ga shi nan, jirgin sahara! Metir Munkaila da kanshi ya duba!"

Ya kira shi nan take.

"Alhaji, wa ya ja layina?"

"Metir, ina wuni? Ya gajiya?"

"Wa ya ja?"

"To wai ƙarya na yi? Ba ka hau ba? Ba ka saita ba? Kuma alli rawaya kai kaɗai aka yi wa shi a duniya?"

"Har saitin ka kwance."

"Wannan don hoto ne. In sun isa sai a mayar."

"Wa zai mayar? Kai ka san huda ta nawa ce?"

Maidaji ya ce layin ba kyau, ya kashe.

Munkaila ya jiƙa tsumma ya hau goge layukan, yana dirza katakon kamar mai wanke najasa. Memuna ta bar shi ya goge uku sannan ta ce, "Massa, yi hankuri. Ka goge a nan, a Kwatano ya sake ja. Alli ko a bakin makaranta ana sayarwa."

Ya tsaya da tsumman a hannu. Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha shida abin nan yana aiki ne don ba wanda ya taɓa tunanin ya ja shi a madadinsa. Yanzu an ja.

Ya zaro allin daga aljihu ya dube shi, ya sa a ƙasa ya murje da dunduniya.

"Hajiya, riƙe min wayar, hannuna da datti. Danna wurin murya."

"Me za ka ce?"

"Layin ya mutu."

Ta sauke wayar. "Ka yi tunani fa. Akwatunan da suke kan ruwa yanzu da layinka na gaskiya? Na Iliasu, na Sharif, har nawa. Mutane za su cinye ka."

"Duk wanda ya kira ni zan faɗa masa da bakina wanne na duba. Danna."

Ta danna. Ya gyara murya kamar mai sanarwar rasuwa.

"Salamu alaikum. Munkaila ne bakanike, daga Guangzhou. Daga yau duk wanda ya ga layi uku rawaya a akwati, ba nawa ba ne, na daina. Babur ɗin nan mai bel da ake nuna muku, na hau shi. Na ƙanƙara ne, a kan ƙanƙara lafiyarsa ƙalau. A kan yashi minti tara ya yi ya ƙone. Kada wanda ya shiga daji da shi. Wanda ya ce ni na ce a saya kuwa..."

Sai tsakin ya zo da kansa, dogon, mai tasowa daga ƙasan haƙora. Memuna ta riƙe wayar daf da bakinsa har ya ƙare, ta tura wa duk taron 'yan kasuwar da take ciki, na Kano da na Nijar da na Gana.

Kwana huɗu wayarsa ba ta huta ba. Wasu zagi, wasu tambaya. Wani daga Kano ya ce masa ya zubar wa mutane da kasuwa saboda girman kai. Ya amsa kowanne, akwati bayan akwati, har muryarsa ta dushe. A rana ta biyar wata baƙuwar lamba ta Nijar ta shigo, murya a hankali, iska tana kaɗawa a bayanta.

"Malam Munkaila? Issa ne, daga Agadas. Minti nawa ka ce?"

"Tara."

"Mutum shida sun riga sun ce in ajiye musu. To. Allah ya saka."

Akwatunan ba su hau ruwa ba. Sun yi wata guda a sito Memuna tana mita sun tare mata hanya, sannan motar Fan ta zo ta kwashe su. An ce can arewacin ƙasarsu Fan ya tura su, inda ake ƙanƙarar gaske. An kuma ce a baje kolin bazara ya kafa ƙaramin allo yana tallar sabon saiti na masu ɗaukar kaya, ƙusa a huda ta uku, takalma a buɗe, da sunan injiniyoyin kamfaninsa. Bai ƙara kiran Munkaila ba. Maidaji kuwa ranar Juma'a in sun haɗu a masallaci sai ya tuna yana da kira a waya.

Munkaila yana nan yana aikinsa, sai dai yanzu in ya gama duba babur, mai kayan ne yake cusa masa waya a baki ya ce, "Faɗa musu, Malam." Ya tsani abin. Ya ce mutum ya gama aiki da hannu sannan a sa shi talla kamar mai maganin basir. Har yanzu in shoka ta yi masa numfashin da yake so, hannunsa yakan tafi aljihun gaba da kansa, ya tarar ba komai sai rawayan da ya rina yadin.

Ran nan yana cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa zai sauka Sanyuanli, an cika maƙil, sai ya ji tsakinsa, dogon, yana fitowa daga aljihun wani. Wani ɗan kasuwa ne da ke gefensa, ya zaro waya ya kara a kunne yana "Halo, halo." Ashe sun yanko shi daga saƙon sun mayar da shi ƙarar kira.

Munkaila ya dube shi tun daga hula har takalmi. Ya buɗe baki zai yi, sai ya ga wani a bayan mutumin ya riga ya ɗaga waya yana jira ya naɗa. Ya haɗiye abinsa, ya juya musu baya ya fuskanci ƙofa.